Kumburin Kundi da Saurin Gyara a Rumbunan Bayanai: Tsokaci a kan Da'awar Cewa An Magance Matsalar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tsokaci a kan wata da'awa da ta yaɗu tsakanin masu tsara manhaja tun daga shekarar 2015, har ta kai ga shiga azuzuwan da ake koyar da ilimin kwamfuta. Da'awar kuwa ita ce wai matsalar kumburin kundi ta zama tarihi, tun daga lokacin da kamfanin MongoDB ya sauya injin da rumbunsa yake adana bayanai da shi. Mu a namu ganin akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma rabin gaskiyar ce kurum. Saboda haka za mu yi ƙoƙarin fito da rabin da ya tabbata, da kuma rabin da aka bari a baya, sa'an nan mu dubi yadda wasu rumbunan suka fuskanci wannan matsala, domin mu sami ma'aunin da za a riƙa yi wa kowane inji hukunci da shi.

Abin da ya sa batun ya shafe mu a matsayinmu na malamai shi ne, kuskuren da aka yi wajen tsara kundi ba ya bayyana a ranar da aka yi shi. Ɗalibi zai gwada aikinsa da bayanai ƙalilan, ya ga komai yana tafiya daidai, a ba shi maki. Sai bayan shekara biyu ko uku, sa'ad da bayanai suka taru, nawar take fitowa, a lokacin kuwa gyara ya yi tsada.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu daidaita a kan kalmomin da za mu yi amfani da su. Rumbun bayanai shi ne manhajar da ke karɓar bayanai ta adana, ta kuma fito da su idan an nema. Injin adanawa shi ne sashen rumbun da ke yanke shawarar inda za a ajiye kowane bayani a kan faifai, da yadda za a sauya shi. Kundi shi ne bayani guda cikakke game da abu ɗaya, alal misali ɗalibi ɗaya da sunansa da lambarsa da jerin sakamakonsa. Shafi shi ne yankin faifai mai ƙayyadadden girma wanda inji yake karantawa ko ya rubuta a lokaci guda. A rumbun PostgreSQL kilobait 8 ne, a injin InnoDB na rumbun MySQL kuwa kilobait 16. Fihirisa kuma jeri ne na musamman da ke nuna inda kundi yake, domin kada a bi rumbu gaba ɗaya ana lalube.

Matsalar da muke magana a kanta mai sauƙin faɗi ce. An ajiye kundi a wani wuri, an ajiye wani a bayansa. Daga baya aka ƙara wa na farkon bayani, ya fi ƙarfin wurinsa. To, yaya za a yi da shi? Amsar da kowane inji ya ba wannan tambaya ita ce take tabbatar da saurinsa wajen gyara.

3.0 Tsohon Inji: MMAPv1

An fara fito da MongoDB a shekarar 2009, da injin da daga baya aka raɗa wa suna MMAPv1. Wannan inji yana ajiye kowane kundi dunƙule a wuri ɗaya a kan faifai, idan kuma aka zo gyara, yakan rubuta sabon bayani a kan tsohon. Muddin kundin bai kumbura ba, wannan hanya tana da sauri ƙwarai, domin 'yan bait ɗin da suka sauya kaɗai ake taɓawa. Idan kuwa ya fi ƙarfin wurinsa, dole a kwashe shi gaba ɗaya a kai shi wani wuri, a bar gurbinsa a buɗe.

Masu tsara injin sun nemi rage wannan ƙaura ta hanyar barin rara a bayan kowane kundi, kamar yadda tela yake sakin ɗinkin yaron da bai gama girma ba. Da farko injin da kansa yake ƙiyasta rarar, yana ƙara ta idan ya ga kundaye suna yawan ƙaura. A fitowa ta 2.6, a shekarar 2014, sai aka mai da ninki biyu ya zama ƙa'ida: a ba kundi wuri mai bait 32, ko 64, ko 128, ko 256, haka nan har zuwa sama. Dabarar tana da kyau ta fuskar lissafi. Kundin da ya tashi daga bait 128 ya kai megabait 1, sau 13 kaɗai zai yi ƙaura, ko da sau dubu goma aka ƙara masa bayani. Haka kuma gurbin da wani ya bari yakan dace da wani mai girma irin nasa. Amma ladan yana tafe da asara: kundi mai bait 520 sai an ba shi wurin bait 1,024, watau kusan rabin wurin ya zauna a banza.

Mafi yawan masu sukar wannan inji a kan rara suke tsayawa. Mu muna ganin babban aibinsa yana cikin fihirisa. Kowace fihirisa ta MMAPv1 tana riƙe da ainihin adireshin kundi a kan faifai. Saboda haka da zarar kundi ya yi ƙaura, dole a bi fihirisoshi duka a sauya adireshin, har da waɗanda gyaran bai shafi bayanansu ba. Idan fihirisa biyar ce, aiki biyar ne ya ƙaru. Idan kuma an ɗora fihirisa a kan jerin da ke cikin kundin, to kowane ɗaya daga cikin abubuwan jerin yana da nasa layin a fihirisar, kuma dukansu sai an taɓa su. Ga shi kuma ana yin wannan aiki ne alhali an kulle sauran masu rubutu: a farkon zamanin injin dukan rumbun ake kullewa, ko a fitowa ta 3.0 ma gungun kundaye guda ake kullewa gaba ɗaya.

Abin da ya ƙara nauyin wannan suka shi ne, an san maganin matsalar tun da daɗewa. A maƙalar da masana na kamfanin IBM suka buga a 1976 game da rumbun System R, an bayyana cewa idan layi ya fi ƙarfin shafinsa, sai a kai shi wani shafin, a bar alama a tsohon wurin mai nuna sabon, ta yadda fihirisa ba za ta san an yi ƙaura ba. Rumbun Oracle ma haka yake yi, kuma bisa al'ada yakan bar kashi 10 cikin 100 na kowane shafi a buɗe saboda kumburi. Wannan hanya tana da nata haraji, domin mai karatu sai ya buɗe shafi biyu maimakon ɗaya. Duk da haka ta nuna cewa fiye da shekara 30 kafin MongoDB, an riga an gane hatsarin ɗaure fihirisa da wurin da kundi yake kwance.

4.0 Sabon Inji: WiredTiger

A watan Disamba na 2014 kamfanin MongoDB ya sayi WiredTiger, injin da Keith Bostic da Michael Cahill suka ƙirƙira, dukansu biyu kuwa sun yi aiki a kan rumbun Berkeley DB kafin nan. An shigar da shi a fitowa ta 3.0 a 2015, ya zama injin da ake samu kai tsaye a fitowa ta 3.2 a ƙarshen wannan shekarar. A fitowa ta 4.2, a 2019, aka cire MMAPv1 baki ɗaya.

Dole mu ba wannan inji haƙƙinsa, domin ya magance abubuwa uku. Na farko, yana ba kowane kundi lamba ta dindindin, fihirisa kuma wannan lamba take riƙewa. Kome kundi ya yi yawo a kan faifai, fihirisar da bayaninta bai sauya ba ba a taɓa ta. Na biyu, ba ya rubutu a kan tsohon wuri. Yakan tara gyare-gyare a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sa'an nan ya rubuta shafin sabo a wani wurin, ko dai a zangon da yake yi kowane daƙiƙa 60, ko kuma idan ƙwaƙwalwar ta cika. Tun da yake ko yaya ne shafi sabo za a rubuta, babu sauran amfanin rara, kuma wannan ya ba da damar matse bayanai kafin a ajiye su. Na uku, masu rubutu biyu ba sa tsare wa juna hanya sai idan kundi ɗaya suke nema.

To, idan abin da ake nufi da matsalar kumburi shi ne ƙaura da bin fihirisoshi, lalle an magance ta. Wannan shi ne rabin gaskiyar da muka ambata. Sai dai akwai bambanci tsakanin ƙaurar kundi da nauyin kundi, kuma masu da'awar sun haɗa su biyun sun mai da su ɗaya.

5.0 Abin da Lissafi Ya Nuna

Bari mu ɗauki misali na ƙiyasi. A ce akwai kundi guda wanda ake ƙara wa jerinsa bayani mai bait 100 a kowane lokaci, har sau 10,000. Ainihin bayanin da aka tara bait 1,000,000 ne, watau kimanin megabait 1. Idan injin yana sake rubuta kundin gaba ɗaya bayan kowane ƙari, to a karo na farko zai rubuta bait 100, a na biyu 200, a na uku 300, haka har ƙarshe. Jimlar lambobi daga 1 zuwa 10,000 ita ce 50,005,000. Idan aka riɓanya ta da 100, an sami bait 5,000,500,000, watau kimanin gigabait 5. An rubuta ninki 5,000 ke nan na abin da ake bukata.

Gaskiya ne wannan adadi shi ne iyakar abin da zai iya faruwa. Matse bayanai yana rage shi. Idan ƙare-ƙaren sun zo a jere cikin zango ɗaya, rubutu ɗaya zai ɗauke su duka. Haka nan fitowar baya-bayan nan ta sami hanyar riƙe ɗan abin da ya sauya kaɗai a ƙwaƙwalwa a wasu lokuta. Amma kundin da ake ƙara wa bayani jefi-jefi, sau ɗaya a awa ko a yini, ba ya cin moriyar zango, domin kowane ƙari yana jawo a ɗauko kundin duka daga faifai, a warware matsinsa, a gyara, a sake matsewa, a sake rubutawa. Babban kundi kuma yana cinye wurin da ɗaruruwan ƙanana za su zauna a ƙwaƙwalwa, alhali kimanin rabin ƙwaƙwalwar kwamfutar kaɗai injin yake ɗiba bisa al'ada. A can ƙarshe kuma akwai bango: MongoDB ba ya karɓar kundin da ya wuce megabait 16, kuma sauya inji bai ɗaga wannan iyaka ba.

Abin lura a nan shi ne, a wannan misali na musamman ƙaura 13 da tsohon injin ya yi ba su kwashe ko megabait 2 ba a jimlace. Ba muna nufin a koma gare shi ba ne. Muna nufin ne cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu: WiredTiger ya sayi 'yancin fihirisa da matsi da rashin kulle, ya biya da sake rubuta shafi duk lokacin da aka taɓa shi.

Yanzu a sake duba misalin, amma a raba bayanan kashi-kashi, kowane kundi ya ɗauki ƙari 100 kaɗai, idan ya cika a buɗe sabo. Kowane kundi zai ci rubutun bait 505,000 a tsawon rayuwarsa, kundaye 100 kuwa bait 50,500,000, watau kimanin megabait 50. Rubutun ya ragu kusan sau 100, alhali inji ɗaya ne, faifai ɗaya ne. Mai tsara kundin ne ya kawo wannan bambanci, kuma shi ne mutumin da da'awar take gaya wa cewa ya daina damuwa.

6.0 PostgreSQL da Maƙalar Uber

Domin kada a zaci matsalar ta MongoDB ce kaɗai, ya dace mu dubi rumbunan da ke ajiye bayanai a jadawali mai layuka. PostgreSQL ya gaji ra'ayin da Michael Stonebraker ya bayyana a 1987, na ƙin rubutu a kan tsohon bayani. Duk gyaran da aka yi wa layi yana haifar da sabon kwafinsa, tsohon kuma ya zauna har sai mai shara, watau umurnin VACUUM, ya zo ya kwashe shi. Fihirisoshinsa kuma wurin da layi yake suke nunawa. Ke nan a nan ko layi bai kumbura ba, gyara yana iya jawo bin fihirisoshi duka.

Wannan shi ne babban ƙorafin da ke cikin maƙalar da Evan Klitzke ya rubuta a watan Yuli na 2016, inda ya bayyana dalilan da suka sa kamfanin Uber ya bar PostgreSQL ya koma MySQL. Ya kawo misalin jadawalin sunayen masana lissafi, ya nuna cewa gyara shekarar haihuwar al-Khwarizmi kaɗai yana tilasta a rubuta sabon layi, a kuma taɓa fihirisa uku, har da ta sunaye wadda ba abin da ya sauya a cikinta. Ya kwatanta wannan da InnoDB, wanda fihirisoshinsa na biyu suke riƙe da mabuɗin layi maimakon wurinsa.

Bayanin nasa daidai ne a kan misalin da ya zaɓa, amma maƙalar tana da giɓi, kamar yadda Markus Winand da wasu suka nuna a martaninsu. Tun fitowa ta 8.3, a 2008, PostgreSQL yana da dabarar da ake kira HOT: idan gyaran bai taɓa gurbin da ke da fihirisa ba, kuma akwai wuri a cikin shafin, sai a ajiye sabon kwafin a shafin nan, a ƙulla shi da tsohon, ba tare da an taɓa ko fihirisa ɗaya ba. Sharaɗi na biyu yana hannun mai kula da rumbu, domin shi ne yake iya umurtar injin ya bar rara a kowane shafi. Idan bai yi ba, injin cika shafin yake yi taf. Haka kuma hanyar InnoDB tana da nata haraji: mai nema ta fihirisa ta biyu sai ya bi bishiya biyu kafin ya isa ga layin, mai karatu ne ke nan yake biyan abin da aka sauƙaƙa wa mai rubutu. Darasin da ya kamata a ɗauka daga maƙalar shi ne cewa aikin Uber, mai yawan gyara a jadawali masu yawan fihirisa, bai dace da wancan tsari ba. Mutane da yawa kuwa sun karanta ta a matsayin hukuncin cewa wani rumbu ya fi wani a kowane hali.

Dangane da kundi kuwa, PostgreSQL ya shigo da nau'in jsonb a fitowa ta 9.4, a 2014. Idan layi ya wuce kimanin kilobait 2, injin yakan matse babban gurbin, ko ya yanyanka shi ya kai wani jadawali na gefe. Muddin ba a taɓa wannan gurbi ba, ba a sake rubuta shi. Amma sauya kalma ɗaya a cikinsa yana sa a sake rubuta shi dukansa. MySQL, a fitowa ta 8.0 a 2018, ya kawo gyaran sashe kaɗai na irin wannan kundi, sai dai da sharaɗin cewa sabon bayanin ya shiga wurin da ake da shi. Watau dabarar tana aiki ga kundin da ke sauyawa, tana tsayawa a kan kundin da ke kumbura. An gudu ba a tsira ba.

7.0 Tsarin LSM da Ma'aunin da Muke Ba da Shawara

Akwai hanya ta uku, wadda Patrick O'Neil da abokan aikinsa suka bayyana a 1996, ana kiranta LSM. A kanta aka gina LevelDB na Google a 2011, da RocksDB na Facebook bayansa. A wannan tsari ba a neman tsohon kundi ko kaɗan a lokacin rubutu; sabon kwafi ake tarawa a ƙwaƙwalwa, idan ya taru a zuba shi a faifai a jere. Saboda haka rubutu yana da sauri a farko. Amma kwafe-kwafen suna taruwa hawa-hawa, kowane hawa ya ninka na samansa kamar sau 10, kuma dole injin ya riƙa haɗe su a bayan fage yana zubar da tsofaffi. Bayani ɗaya yakan sha rubutu sau da yawa kafin ya isa hawan ƙarshe, mai karatu kuma wani lokaci sai ya leƙa hawa fiye da ɗaya. Bashi ne aka jinkirta biyansa.

A 2016 Manos Athanassoulis da Stratos Idreos da abokan aikinsu suka tattara wannan fahimta a wani hasashe da suka kira RUM, mai cewa tsarin ajiya yana da haraji uku, na karatu da na gyara da na wuri, kuma duk wanda ya matse biyu daga cikinsu sai na ukun ya tashi. Abin da muka bi a sama ya yi daidai da wannan hasashe. Saboda haka muna ba da shawarar a riƙa yi wa kowane inji tambayoyi huɗu kafin a yabe shi ko a kushe shi. Mene ne fihirisarsa take riƙewa, wuri ko lamba? Idan aka sauya bait ɗaya, bait nawa yake rubutawa? Wa yake kwashe tsofaffin kwafi, kuma yaushe? Ina iyakar girman kundi take?

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa aibin MMAPv1 na haƙiƙa shi ne ɗaure fihirisa da adireshin faifai, kuma WiredTiger ya kawar da wannan aibi. Mun kuma ga cewa nauyin kundi yana nan bai gushe ba, a MongoDB da PostgreSQL da MySQL baki ɗaya, kuma a kundin da ba shi da iyakar girma, harajin gyara yana hawa tare da girman. Don haka da'awar cewa an magance kumburin kundi ba ta cancanci a koyar da ita yadda ake faɗinta ba.

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai ita ce, duk aikin da ɗalibi ya kawo mai ɗauke da jeri a cikin kundi, a tambaye shi abin da zai tsayar da girman wannan jeri. Idan yana da iyaka sananniya, kamar darussan zangon karatu ɗaya, babu laifi ya zauna a cikin kundin. Idan kuwa ba shi da ita, kamar tarihin biyan kuɗi ko rajistar halarta, to a raba shi kashi-kashi ko a fitar da shi zuwa nasa gungun. A kuma sa ɗalibin ya yi lissafin da muka yi a sashe na 5.0 da hannunsa, da adadin bayanan shekara biyar, kafin a sa wa aikin hannu.